Baƙon da ya wuce kwana uku, wa ke duba masaukinsa?

A garuruwanmu na arewacin Kamaru akwai wasu bayin Allah da ba wanda ya taɓa ƙidaya su. Su ba 'yan gari ba, su ba matafiyan da za su kwana ɗaya su wuce ba. Larura ce ta zaunar da su a ƙananan masaukan nan da muke ce wa oberj, wani mako biyu, wani wata guda, wani ma har ya ga watanni uku a ɗaki ɗaya. A cikinsu akwai wanda ya kawo mahaifinsa asibiti daga Cadi, akwai direban da ke jiran a yi masa lodi, akwai malamin makarantar da aka turo daga kudu bai san kowa ba, akwai ɗan kasuwar da kayansa suka maƙale a hannun kwastan. Abin da nake gani shi ne ana cutar mutanen nan, kuma ana cutarsu ne a fili, domin babu wata ƙa'ida da aka yi saboda su. Suna biyan kuɗin otal, suna zaman 'yan haya, amma ba su samun kulawar da ake yi wa baƙon otal, ba su kuma da kariyar da ɗan haya yake da ita.

Duk wanda ya san yankin nan ya san dalilin da ya sa irinsu suke da yawa. Tun 1974 layin dogo da ya taso daga Yawunde ya zo ya tsaya a Ngaundere, bai ƙara gaba ba. Cadi ba ta da teku, yawancin kayanta ta tashar Duwala suke shigowa, don haka a Ngaundere ake sauke da yawa daga cikinsu a ɗora wa manyan motoci su nufi Garwa, Marwa, Kuseri, su haye gadar Ngeli zuwa Njamena, ko kuma su bi ta Tuboro zuwa Mundu. Hanya ce ta jira. Ana jiran lodi, ana jiran takarda, ana jiran kayan gyaran mota, ana jiran damina ta sassauta a kan titin Mora zuwa Kuseri da ya daɗe yana wahalar da direbobi. Ga asibitoci da sunansu ya tsallaka iyaka, kamar na mishan da ke Ngaundere da na Meskin kusa da Marwa, waɗanda marasa lafiya ke zuwa daga ƙasashe maƙwabta. Ga jami'o'i uku: ta Ngaundere, ta Marwa da aka kafa a 2008, da ta Garwa da aka kafa a 2022. Kowace shekara dubban yara kan sauka su yi makonni kafin su sami ɗaki. Sai kuma abin da ba a fata, kamar ambaliyar 2024 da ta raba dubban mutane da gidajensu a yankin Yagwa da Kuseri. Mai ɗan abin hannu a irin wannan lokaci masauki yake nema ya tsugunar da iyalinsa.

Iyayenmu sun san wannan buƙata, sun kuma yi mata tsari tun zamanin fatauci. Bafatake idan ya iso gari, zango yake nufa, ya sauka a gidan mai gidansa. Mai gidan nan shi ne zai ba shi ɗaki, matansa su dafa masa abinci, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan bashi ya shiga tsakani. Ba ya karɓar kuɗin kwana, la'ada yake samu daga cinikin da baƙo ya yi. Wannan ya sa arzikinsa yana ɗaure da jin daɗin baƙonsa. Idan ya wulaƙanta mutum ɗaya, labari zai riga shi isa Kano da Yola, baɗi ba zai ga kowa a zaurensa ba. Har yau ana ganin ragowar wannan tsari a kasuwannin shanu da wajen masu goro. Ba ina cewa a koma zamanin ayari ba ne, gari ya girma, amana ta yi ƙaranci, ba kowane baƙo ne ke ɗauke da hajar da za a ci la'ada a kanta ba. Abin da nake so a lura da shi kawai shi ne, a wancan tsarin daɗewar baƙo riba ce ga mai masauki. A oberj kuwa, sau da yawa daɗewarsa asara ake ɗaukarta.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, ko da yake mutane ba su son faɗarsa. Da yawa daga cikin ƙananan masaukan nan ba da matafiya suke cin abinci ba. Da masu shigowa na awa ɗaya ko biyu suke ci. Ɗakin da za a iya ba mutum uku ko huɗu a yini, kowa ya biya ya fita bai nemi ruwan wanki ba, bai yi ƙorafin fanka ba, me zai sa mai shi ya yi murna da wanda ya zo zai zauna wata guda yana neman ragi? Shi ya sa za ka ga mai dogon zama ana tura shi ɗakin can ƙurya, kusa da masai ko kusa da janareta. Shi ya sa zanen gadonsa ba a canjawa sai ya yi magana. Shi ya sa ranar da gari ya cika, ranar wani biki ko taron siyasa, za a ƙwanƙwasa masa ƙofa a ce farashi ya tashi daga yau, in ba zai iya ba ya kwashe kayansa. Ba shi da takarda, ba shi da shaida, ba shi da wanda zai kai wa ƙara.

A yi lissafi a gani. A ce ɗaki sefa 5,000 ne a kwana, wanda ba wani ɗakin a zo a gani ba ne. A wata ya kama sefa 150,000. Mafi ƙarancin albashi da gwamnati ta tsayar a 2023 ga ma'aikatan kamfanoni waɗanda ba na noma ba sefa 60,000 ne. Ke nan mai jinyar da ya yi wata guda a irin wannan ɗaki ya biya albashin ƙaramin ma'aikaci na wata biyu da rabi, bai ci abinci ba, bai sayi magani ba. Kuɗin da ya isa ya kama gida sukutum a unguwa mai kyau a Garwa ko Marwa, shi ake karɓa a ba shi katifa ɗaya da bokiti.

Wani zai ce to me ya hana shi kama haya? Mai wannan tambaya bai taɓa zama baƙo ba. Mai gidan haya zai nemi kuɗin watanni a dunƙule kafin ya miƙa makulli, ga kuɗin ajiya, ga na dillali. Ɗakin kuma fayau za a ba ka, babu ko tabarma. Sannan babban abin shi ne baƙon bai san ranar tafiyarsa ba. Likita ya ce a dawo bayan kwana goma, aka dawo ya ce a ƙara mako biyu. Mai kaya ya ce gobe za a yi lodi, goben ta ƙi zuwa. Sabon malami kuwa, kowa ya ji kukan da malamai suka yi a yajin aikin 2022, cewa mutum kan yi watanni har shekaru yana koyarwa albashinsa bai fara fita cikakke ba. Da me zai biya hayar wata shida? Rashin sanin ranar tafiya shi ne igiyar da ta ɗaure su, kuma masu masaukai sun san da haka.

Yanzu a zo kan ingancin wurin kansa. Abin da mutum zai iya haƙuri da shi na dare ɗaya, idan ya zama na kwana talatin ya koma cuta. Ruwa shi ne na farko. Matafiyin dare ɗaya bokiti guda ya ishe shi, ya watsa ya yi alwala ya kama hanya. Mai zama kuwa yana da wanki, yana da kwanuka, wataƙila yana da mara lafiya da aka sallamo yana zuwa wankin ciwo, wanda ke buƙatar tsabta fiye da kowa. Idan famfo ya ɗauke, kuma yana ɗaukewa, sai a ce masa ya sayi jarka daga 'yan ga-ruwa da kuɗinsa, bayan ya riga ya biya kuɗin ɗakin da aka ce da ruwa. Banɗaki ɗaya ga ɗakuna takwas ko goma, ba murfi, ba sabulu, a yankin da kwalara ta kashe ɗaruruwan mutane a 2010 kuma har yau takan leƙo. Wannan ba maganar jin daɗi ba ce, maganar rai ce.

Sai zafi. Wanda bai yi watan Maris da Afrilu a Garwa ko Marwa ba, ba zai gane ba. Zafi kan haura digiri 40, kuma daidai lokacin ne ruwan madatsar Lagdo ke ja da baya, ita da ta daɗe tana samar da yawancin wutar lantarkin arewa tun farkon shekarun 1980. An ƙara tashoshin hasken rana a Marwa da Gider, an sami sauƙi, amma ɗauke wuta bai zama tarihi ba. Yawancin oberj an gina su ne don a sami ɗakuna da yawa a fili kaɗan: rufin kwano ƙasa-ƙasa, babu silin, taga ƙarama kamar ta kurkuku, wani ɗakin ma babu ita sam. A gidajenmu idan zafi ya yi tsanani tsakar gida muke fitowa mu shimfiɗa tabarma. Baƙo ba shi da tsakar gida. An cike ta da ɗakuna, ko kuma an mai da ita mashaya. Haka zai kwana yana juyi cikin gumi, da safe ya tashi ya tafi jinya ko ya shiga aji ko ya kama sitiyarin mota mai ɗauke da tan talatin. Ina ganin ya kamata mu riƙa tuna wannan direban idan muna maganar haɗurra a hanyar Ngaundere zuwa Garwa.

Gidan sauro kuma, ana rabonsa kyauta gida-gida, amma baƙon masauki ba ya cikin lissafin kowane gida. Kuɗin cizo da kyankyasai ba sai an faɗa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hana girki. Kusan ko'ina dokar ɗaya ce: ba a hura wuta a ɗaki. Na yarda da dokar, domin gobara ba wasa ba ce. Amma idan ka hana mutum girki a ɗaki, sai ka ba shi inda zai yi. Rumfa ɗaya a bayan gida, da murhu biyu, da wurin wanke-wanke, nawa za ta ci? Rashinta ya sa mai jinya yana sayen abinci sau uku a rana a bakin titi, ya saya wa kansa ya saya wa mara lafiya. Likita ya ce a rage gishiri, a bar mai, a dama kunu mara sukari, shi kuma ba shi da inda zai ɗora tukunya. Matan da suka zo daga ƙauye da ɗan gerensu da kukarsu da busasshen kifi, don su rage kashe kuɗi, sai ka ga suna ɓoye gawayi suna dafawa a ƙofar asibiti ko a gindin bishiya. Kuɗin abinci na wata guda a waje kan iya kamo kuɗin ɗakin kansa. Mutane nawa ne suka ɗauke mara lafiyarsu kafin ya warke, ba don kuɗin magani ya gagara ba, sai don kuɗin zama ya cinye su?

Mata su ne suka fi shan wuya. Sunan da oberj ta yi a garuruwanmu ya sa duk macen da aka ga tana shiga ko fita an riga an yanke mata hukunci, ko da kuwa uwa ce da ta zo jinyar ɗanta, ko ɗaliba mai jiran ɗakin makaranta. Mai babur zai yi mata wani irin kallo, maƙwabcin ɗaki zai ƙwanƙwasa mata ƙofa da tsakar dare, ƙofar kuma sakatarta ƙusa ce aka lanƙwasa. Idan jami'an tsaro suka zo samame, ba a bambance ta da kowa. Magidanci mai mutunci ya gwammace ya bar matarsa ta kwana a barandar asibiti cikin sauro da ya kai ta irin wannan wuri, kuma ban ga laifinsa ba. A gari irin Garwa, mai cike da Musulmi da Kiristoci masu kishin iyali, abin kunya ne a ce mace baƙuwa mai ƙaramin ƙarfi ba ta da inda za ta yi wata guda hankalinta kwance.

Ina hukuma take? Akwai dokar 2016 da ta tsara harkar yawon buɗe ido da wuraren saukar baƙi, akwai ma'aikatar da ke ba da izini da raba taurari. Tun 2017 kuma ana karɓar harajin kwana a kan kowane ɗaki, daga sefa 5,000 a otal mai tauraro biyar zuwa sefa 500 a ƙananan masaukai, kuma wani kaso na kuɗin yana shiga asusun ƙaramar hukumar da masaukin yake. To mai kwana talatin a wurin da ake karɓar wannan haraji ya zuba sefa 15,000. Me aka yi masa da su? Tsarin taurari an yi shi ne da tunanin ɗan yawon buɗe ido, wanda zai je gandun dajin Waza ko duwatsun Rumsiki ya ɗauki hoto ya koma. Lokacin da Garwa ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka a farkon 2022, an gina otal-otal, an yi wa wasu kwaskwarima, an gyara tituna, domin baƙi na 'yan kwanaki. Na yi murna da hakan, garinmu ya amfana. Amma baƙon da ke tare da mu kullum, rani da damina, wanda kuɗinsa ke juyawa a hannun mai shayi da mai tuwo da mai kemis, ban ga an zauna an yi tunaninsa ba. Abin da ake nema a wurinsa kawai ya cike takardar shiga ya nuna katin shaida.

Dole a yi wa masu masaukai adalci. Ba dukansu ne azzalumai ba, akwai waɗanda ke yafe wa mai jinya kwanaki idan kuɗinsa ya ƙare, akwai masu aika wa baƙo abincin buɗa-baki da azumi. Su ma suna kuka da tsadar mai na janareta, da haraji kala-kala, da masu zuwa dubawa waɗanda abin da za a sa musu a hannu ya fi damunsu. Akwai kuma baƙi marasa kirki: wanda zai tara bashin mako uku ya sulale da asuba, wanda zai kama ɗakin mutum ɗaya ya tara mutum shida, wanda zai lalata famfo ya yi shiru. Tun da rikicin Boko Haram ya shigo yankin Arewa Mai Nisa, mai masauki yana da dalilin tsoron baƙon da bai sani ba. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai idan aka duba da kyau, maganin kukansu da maganin kukan baƙo ɗaya ne, wato a rubuta yarjejeniya. Wanda ya biya mako-mako a kan kari, da takarda a hannu, ba ya gudu da bashi. Ɗakin da aka san yana da mutum har ƙarshen wata ya fi ɗakin da ake jiran tsammani, musamman da damina lokacin da zirga-zirga ke raguwa.

Don haka abin da nake nema ba mai yawa ba ne. Duk masaukin da ke karɓar mutum fiye da mako guda, a tilasta masa ya manna farashin mako da na wata a bango inda kowa zai gani, ya ba da rasit, kuma kada ya ƙara kuɗi ko ya fitar da mutum sai ya ba shi wa'adin kwanaki. Magajin gari yana da ma'aikatan duba-gari, kuma tsabtar wuraren jama'a aikinsu ne. Su shiga su duba masai da wurin ajiye ruwa da taga, maimakon su tsaya a teburin karɓar baƙi. Ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa suna da ƙarfin da ba su amfani da shi: idan shugabannin tasha a Ngaundere ko Kuseri suka ce ga gidaje biyar da muka duba muka yarda da su, ga farashin da muka daidaita wa 'ya'yanmu, sauran masu masaukai da kansu za su zo suna tambayar me ake so su gyara. Wayar salula ta sauƙaƙa wannan, saƙo ɗaya a WhatsApp ya isa ya kai labari daga Duwala zuwa Njamena kafin la'asar.

Akwai kuma nauyin da ke kanmu mu al'umma, wanda ba sai mun jira gwamnati ba. Mun taso muna jin hadisin da ya ce liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne. Mutane da yawa sun riƙe rabin farko sun manta na biyu, kamar dai bayan kwana uku an sallame su. Alƙur'ani kuwa, a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, ya sa matafiyin da guzurinsa ya yanke a cikin mutum takwas da ake ba zakka. Wanda ya sayar da sansa a ƙauye ya kawo matarsa asibiti a yi mata aiki, kuɗin ya ƙare a mako na uku, in ba shi ne wannan matafiyin ba, to wane ne?

Attajiranmu suna da hannun kyauta, Allah Ya saka musu. Suna gina masallatai, suna kai mutane Makka, suna raba hatsi da azumi. Ina roƙon wasu daga cikinsu su juya wani ɓangare na wannan alheri zuwa gidan baƙi na wakafi kusa da manyan asibitocinmu. Ba bene ake nema ba. Ɗakuna goma sha biyu zagaye da tsakar gida, ɓangaren mata daban da ƙofarsa, rufi mai tsawo da tagogi biyu a kowane ɗaki, rijiyar burtsatse da tanki mai aiki da hasken rana, rumfar girki, igiyar shanya, da bishiyar dogon yaro biyu ko uku. A sa kuɗi kaɗan na mako, wanda zai biya mai gadi da mai shara da gyaran famfo, domin abin kyauta zalla ba ya daɗewa bai lalace ba. A damƙa riƙonsa ga kwamitin unguwa da limami da wakilin asibiti, a riƙa karanta lissafin kuɗinsa a bainar jama'a sau biyu a shekara. Wanda asibiti ya ba takardar shaida cewa jinya yake yi kuma ba shi da hali, a biya masa daga zakkar da aka ware don haka.